Ka ɗaga Hilux, sai ta fara karkarwa: ina matsalar take?

Yau ƙarƙashin mota za mu shiga, don haka kowa ya nemo kwalin da zai shimfiɗa.

Matashi in Allah ya hore masa Hilux, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne a ɗaga ta, a sa mata manyan tayoyi, ta tsaya kamar ingarma. Ni ma ina son ganin hakan, wallahi tana kyau. To amma bayan 'yan kwanaki sai ka ji mai motar yana cewa in ya taka totur daga tsaye, ko in ya kai wani gudu, kujera na rawa a ƙarƙashinsa. Ya je a daidaita tayoyi, karkarwa na nan. Sau da yawa tayar ba ruwanta, farfela ce.

Farfela ita ce dogon bututun ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa aksul na baya. A kowane ƙarshenta akwai kuros, wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu kamar alamar tarawa, shi ke ba ta damar juyawa ko da ta ɗan karkace. Ga inda maganar take: kuros in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya. A kowane zagaye sai ya ƙara sauri ya rage, har sau biyu. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suke daidaita karkatar kuros na gaba da na baya, abin da ɗaya ya ɓata ɗayan ya gyara. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce karkatar kada ta wuce digiri 3 in ana son kuros ya daɗe, kuma bambancin na gaba da na baya kada ya wuce digiri 1.

To kai da ka ɗaga mota, giya ta tafi sama tare da shasi, aksul kuma yana nan ƙasa inda tayoyi suke. Karkata ta ƙaru, daidaiton ya rushe. Ka ga asalin karkarwar ke nan. In ka yi biris, kuros zai cinye kansa, boris ɗin aksul da na giya su bi baya.

Maganin, ka fara da mai araha. Hilux mai ƙofa huɗu farfelarta ta baya kashi biyu ce, da boris a tsakiya da ke riƙe ta a jikin shasi. In ɗagawar inci 2 ce, wato kamar milimita 50, wani lokaci ɗan ƙarfen da za a sa a sauke boris ɗin nan kaɗan ya wadatar. In bai yi ba, akwai wani ƙarfe mai siffar bakin gatari da ake sawa tsakanin sifirin da aksul, ya juya bakin aksul ɗin zuwa inda ya kamata. Amma a auna kafin a sa, ko da manhajar auna karkata ta waya ce. Makaniken da ya ce maka da ido zai gane digiri biyu, gaishe shi ka wuce.

In ɗagawar ta yi yawa, sai a koma farfela mai tagwayen kuros a ɓangaren giya. Ita ƙa'idarta daban: bakin aksul sai ya kalli giya kusan kai tsaye. Mutane kan sayi mai tsadar nan su bar aksul yadda yake, su ce an cuce su. Sannan a duba tsawo. Farfela tana da haƙora masu zamewa da ke ba ta damar miƙewa da komawa in mota ta faɗa rami. In ɗagawa ta riga ta zaro su kusan ƙarshe, wata rana a kan gargada za ta iya ficewa gaba ɗaya.

Mu dawo gaba. Hilux daga ƙirar 2005 zuwa yau kowace tayar gaba da nata hannuwan, kuma shaf ne ke juya ta. Shi ya sa masu harkar ke tsayawa a inci 2. Ka wuce nan, shaf ya karkace sosai, robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga. Daga nan sai ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana. Hannun sama ma yakan kai maƙura, bol join ya matsu, mai alaimen ya rasa yadda zai dawo da sitiyari daidai, dole sai an canza hannun da wanda aka ƙera don motar da aka ɗaga. Land Cruiser 79, irin waɗanda ke keta sahara ta wajen Agadas, ita aksul ɗinta na gaba sanda ɗaya ne, ta fi jure ɗagawa. Amma ita ma akwai sandar da ke riƙe aksul daga gefe, wadda in an ɗaga motar sai ta ja shi ɓangare guda, sai an sa mai daidaituwa.

Shokazoba kuwa, in an ƙara tsayin sifirin a sa wadda tsawonta ya dace da shi. Ka bar gajera, ita za ta zama igiyar da ke tare taya duk lokacin da ta so sauka. Sifirin ma ka zaɓa gwargwadon kayan da kake ɗauka kullum. Na ɗaukar lodi a motar da ke yawo ba kaya, bayanka ne zai faɗa maka.

Abin da na fi so ku riƙe game da tayoyi: ɗaga mota ba ya ɗaga tulun aksul na baya ko da milimita ɗaya, taya ce kaɗai ke yin haka. Daga 265/65R17 zuwa 285/70R17, tsayin taya ya ƙaru da kamar milimita 54, amma rabinsa za ka samu a ƙasa, kusan inci ɗaya. A madadin haka motar za ta ɗan yi nauyin tashi, birki ya ƙara aiki, agogon gudu kuma in ya nuna 100 kana kusan 107. Kuma mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, wannan ba wasa ba ne.

Kafin ka bar gareji, ka sa a ɗaga motar ta shasi har tayoyi su yi reto. Shiga ka taɓa tiyon birki da wayar ABS. In sun miƙe kamar tsirkiyar baka, a canza su da dogaye. Juya farfela da hannu, ka ji ko tana cijewa a wani wuri. In ta juya sumul, sai a sauke.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.