Ɗan Kifin Kogin Kiyawa: Yadda Masana Ke Tantance Nau'in Ƙananan Kifaye

Duk wanda ya tashi a Baure ko Zango ko Sandamu ya san halin kududdufin bayan gari. Da rani yakan bushe ƙurmus, ƙasarsa ta tsattsage, har magina su shiga haƙar yumɓu a cikinsa. Amma da zarar damina ta kankama, a wasu daga cikin irin waɗannan tafkuna na ƙasar Hausa sai a wayi gari a ga kifi yana yawo, alhali babu kogin da ya haɗu da su. Wasu kan ce ruwan sama ne ya sauko da shi. Ilmin kimiyya yana da wasu amsoshi. Gaiwa takan binne kanta a cikin taɓo ta yi kwanan rani, tarwaɗa kuwa tana iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan ruwa zuwa wancan. Akwai kuma amsa ta uku wadda ba kowa ya san ta ba, wato wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, wanda duniyar ilmi ta san shi da sunan wani kogi na arewacin Nijeriya. Labarinsa zai nuna mana yadda masana ke gane cewa wannan kifi nau'insa daban ne da wancan.

Abin da ido ke gani

Bari mu fara ɗauko misali daga bakin teku, ko da yake tsakanin Baure da teku akwai fiye da kilomita 800, domin a can ne matsalar ta fi fitowa fili. A cikin ramukan duwatsun gaɓar teku akwai dangin wasu ƙananan kifaye da masana ke kira Blenniidae, sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin yauƙi ko majina. Nau'o'insu sun kai kimanin 400, akasarinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Ba su da ɓawo a jiki, fatarsu santsi gare ta, kuma fiffiken bayansu guda ɗaya ne dogo, daga ƙeya har kusa da wutsiya. Ɗalibin da ya ji wannan siffa zai iya cewa ai tarwaɗa ce aka kwatanta. To, ba su da wata dangantaka ta kusa da ita. Ba su da gashin bakin tarwaɗa, sai dai wasu 'yan tsiron fata masu kama da gira a saman ido, kuma haƙoransu a jere suke kamar na matsefi.

A cikin ramukan nan dai akwai wani dangin mai suna Gobiidae, wanda a kallon farko ba ya rabuwa da na farkon. Sai an juya kifin an dubi cikinsa. A yawancin 'yan Gobiidae fukafukan ciki guda biyu sun haɗe sun zama kamar ɗan faifai da kifin ke mannewa da shi a jikin dutse, kuma fiffiken baya ya rabu biyu. A 'yan Blenniidae kuwa fukafukan cikin sirara ne, a rabe, suna can gaba ƙarƙashin maƙogwaro. Wannan ya raba dangi da dangi ke nan. Raba nau'i da nau'i a cikin dangi ɗaya kuwa sai an koma ga ƙidaya: ƙaya nawa ce a fiffiken baya, tsiron saman ido reshe nawa ya yi, akwai fiƙa a bayan haƙora ko babu. Da irin wannan bin diddigi ne masanin Faransa Achille Valenciennes ya siffanta wani nau'i a 1836 daga tsibirin Gore da ke kusa da Dakar, wanda a yau ake kira Parablennius goreensis.

Ƙidaya, awo da ajiya

Aikin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, kuma malamin kimiyyar halittu zai iya gwada shi da karfasar da aka sayo a kasuwa. A shimfiɗa kifin kansa na fuskantar hagu, a buɗe fiffiken baya da allura. Za a ga sandunan gaba masu tauri ne da tsini, su ne ƙayoyi, na baya kuwa masu laushi ne da ke rabewa a kai. Masana kan rubuta adadin ƙayoyi da lambobin Romawa, na masu laushi kuma da lambobin da muka saba. Karfasar da ake kira Oreochromis niloticus tana da ƙayoyi 15 zuwa 18 a baya, da masu laushi 11 zuwa 13, kuma wutsiyarta na da zane-zane a tsaye, jere da juna. Idan aka sami wadda ba ta da wannan jerin zane, cikinta kuma ya yi ja, mai yiwuwa Coptodon zillii ce. Mai sayar da kifi zai iya kiran su duka biyun karfasa, amma rayuwarsu ta bambanta ƙwarai: macen ta farkon a cikin baki take renon ƙwanta, ta biyun kuwa a ƙasan ruwa take zuba shi, uwa da uba su yi gadi. Wanda zai zuba kifi a madatsar ruwa ko tafkin kiwo yana bukatar sanin wadda ya riƙe.

Bayan ƙayoyi sai a ƙirga ɓawon da ke jere daga bayan kai zuwa gindin wutsiya. Sannan awo. Ana auna tsawon kifi daga ƙarshen baki zuwa gindin wutsiya, ba a haɗawa da fiffikenta domin yakan gutsure, sa'an nan a kwatanta tsawon kai da faɗin jiki da wannan tsawo. Da haka ne ake iya gwama ƙaramin kifi da babba.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Duk masanin da ya ba wani nau'i sabon suna yakan ajiye samfurin da ya siffanta a gidan adana kayan tarihin halittu, a cikin ruwan magani, tare da takardar da ta nuna wuri da ranar da aka kama shi. Wannan samfurin asali shi ne alƙali. In gardama ta tashi bayan shekara ɗari, gare shi za a koma. Tsarin sunaye masu kalmomi biyu, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i, ya kafu ne a kan littafin Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, bugu na goma, na shekarar 1758, kuma ƙa'ida ita ce sunan da aka fara bugawa shi ke da rinjaye.

Mu dawo gida

A shekarar 1928 Ernst Ahl, masanin kifaye na birnin Balin a Jamus, ya siffanta wani ɗan kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, kusa da Katagum, ya sa masa suna Nothobranchius kiyawensis. Ƙarshen sunan, wato "ensis", a Latinanci yana nufin ɗan wuri kaza, kamar yadda muke cewa Badauri ko Bakano. A 1969 Alfred Radda na ƙasar Ostiriya ya ƙirƙiro sunan Pronothobranchius, kuma a ƙarƙashinsa kifin yake yanzu. Shi ya sa ake rubuta shi Pronothobranchius kiyawensis (Ahl, 1928). Bakan da ya kewaye sunan Ahl ba ado ba ne, alama ce da ke nuna an sauya wa kifin gida bayan siffantawar farko.

Kifin bai fi santimita 4 zuwa 5 ba. Namijin yana da launi mai ƙyalli da jajayen ɗigo, macen kuwa fara-fara ce, ba ta da ado. Rayuwarsa ta damina ɗaya ce. Yakan girma da sauri, ya zuba ƙwai a cikin taɓo, idan tafkin ya ƙafe manyan su mutu duka. Ƙwan ne ke tsallake rani, domin ɗan tayin da ke cikinsa yakan dakatar da girma har ruwa ya dawo. Wani ɗan'uwansa na Zimbabuwe da Mozambik, Nothobranchius furzeri, yakan balaga cikin kimanin mako biyu, abin da ya sa masu binciken tsufa ke kiwonsa a ɗakunan gwaji.

To, a nan ne tantancewa ta nuna amfaninta. A 1933 an siffanta wani mai kama da shi daga Gambiya da sunan gambiensis, a farkon shekarun 1970 kuma wani daga filayen Akara a Gana da sunan seymouri. Masana da dama sun ɗauka duk abu ɗaya ne, suka tattara su ƙarƙashin kiyawensis saboda shi ne tsohon suna. A kan takarda sai ya zamana kifi ne da ya bazu daga Gambiya har yankin Tabkin Cadi, wanda babu dalilin damuwa da shi. Amma a 2013 Stefano Valdesalici na Italiya ya sake nazarin su ta fuskar awo da launin maza, ya raba su, ya kuma ƙara da sabon nau'i, Pronothobranchius chirioi, daga yankin kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar. Abin da aka ɗauka ɗaya ne ya zama huɗu, kowanne da ƙasarsa ƙarama. Kogin Kiyawa kuwa ruwansa Tabkin Cadi yake nufa ta Komadugu Yobe. Ke nan idan aka cike tafkunan wannan yanki da shara, ko aka yi gini a kansu, ko maganin feshin gona ya gurɓata su, na Gambiya ba zai maye gurbin abin da aka rasa ba. A ganina wannan ya ishi dalilin da zai sa a daina raina aikin mai ƙidayar ƙayoyin kifi.

Tun daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar gane nau'i ta karanta wani guntun ƙwayar gado, aikin ya ƙara sauƙi. Sai dai na'ura ba ta zuwa bakin tafki. Ƙaramar hukumar Baure tana iyaka da Jihar Jigawa da Jamhuriyar Nijar, kuma tafkunan damina irin nata su ne wuraren da ake neman waɗannan kifaye. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya fita a watan Agusta da 'yar raga mai ƙananan ido da kwalba mai haske, tare da malami, ba tare da shiga ruwa mai zurfi ba. A ɗauki hoton kifin da ransa, domin launi yakan dushe da zarar ya mutu. A rubuta sunan ƙauye da kwanan wata da fensir, saboda tawadar biro takan narke a ruwan magani. Idan an kamo namiji mai ado da mace marar launi a wuri ɗaya, kada a yi saurin cewa nau'i biyu ne. A ajiye su tare, a miƙa wa sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa.