Wayon Hankaka da Yadda Manomi Zai Kare Gonarsa da Kajinsa

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, manoman masara da dawa da gyaɗa kan shiga kokawa da hankaka. Yana tone irin da aka shuka, yana kuma ɗauke ƙwai da 'yan tsaki a gidaje. Wasu kan kafa mutum-mutumi a gona, bayan 'yan kwanaki sai su tarar da hankaka zaune a kansa. Dalili kuwa shi ne, tsuntsun nan yana koyo, kuma ba ya saurin mantuwa.

Hankaka ba ya zaɓen abinci. Yana cin hatsi da fara da ɓeraye da ƙadangaru da mushe. Shi ya sa ake yawan ganin hankaki a mahauta da juji da manyan kasuwanni irin ta Sheme. Yakan lura da lokacin da ake zubar da ragowar abinci, ya dawo daidai wannan lokaci, idan kuma ya ƙoshi ya ɓoye saura domin gaba.

Masana a ƙasashen waje sun gwada basirar danginsa. A shekarar 2002, a Jami'ar Oksfod ta ƙasar Ingila, wata hankaka ta lanƙwasa waya ta mayar da ita ƙugiya, ta ciro abinci daga cikin bututu. A birnin Sendai na ƙasar Japan, hankaki kan ajiye 'ya'yan itace masu taurin ɓawo a kan titi, mota ta fasa, sannan su sauko su ci. A 2006 kuma, masu bincike a birnin Siyatil na Amurka sun sanya wata fuskar roba suka kama hankaki, sa'annan suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sanya wannan fuska sai hankaki su bi shi da kuka, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Ke nan suna gane fuska, suna kuma sanar da junansu.

Duk da wannan wayo, akwai wani tsuntsu mai tukku da ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya rena. Ba banza ba Hausawa ke yi masa kirari da "mai da ɗan wani naka".

Saboda haka, dabara ɗaya tak ba ta isar manomi. Ana shawartar jama'a da su riƙa sauya wa mutum-mutumi wuri da tufafi duk bayan kwana biyu ko uku, su haɗa da gwangwani mai ƙara da zare mai ƙyalli. A tsananta gadi da sassafe a makon farko na shuka. A kife 'yan tsaki a akurki har su yi ƙwari, a kuma riƙa kwashe ƙwai da wuri. Sarakunan fawa da jami'an tsaftar muhalli su tabbatar ana binne ƙazantar mahauta, domin ita ke tara hankaki a gari.

Babban abin da ya kamata a guje wa shi ne zuba guba a hatsi ko a mushe. Hankaki kan gane tarkon su ƙaurace masa, gubar kuwa ta kashe kaji da zabi da karnuka, ruwan sama ya kwashe ta zuwa tafkin da dabbobi ke sha. Tana kuma hallaka ungulu, wadda tun 2015 aka sanya cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Har ila yau, hankaka yana rage fara da ɓeraye a gona, kuma yana share mushen da ke jawo cuta.

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan bayani ga talakawansu. Mai neman ƙarin shawara ya tuntuɓi malamin gona na hukumar KTARDA ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa.