Ruwan Shan Manomi: Nasa Aiki da na Hukuma

Yau za mu yi magana a kan ruwan da manomi ke sha, da kuma hannun da hukuma ke da shi a ciki.

Dattawanmu ba su manta da kurkunu ba. Mutum ya sha ruwan tafki, ya haɗiye waɗansu 'yan ƙwari da ido ba ya gani sosai, watau masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Sai bayan kamar shekara guda ta fasa ƙafa ta fito, tsawonta ya yi kusan yadi. Abin takaici, da damina take fitowa, lokacin da gona ke neman mai ita. Maigida na kwance, ciyawa na cin gero.

To, me ya hana manomi ya kawar da ita tun da? Ai tafki na kowa ne. Ko ka tace naka ruwan, in maƙwabcinka ya tsoma gyambonsa a ciki, ya sake shuka cutar. Ba ka da ikon hana shi. Dagaci ne ke da wannan iko, da hakimi. A zamanin En'e an gina rijiyoyin siminti, an sa duba-gari, amma ba su kai kowane ƙauye ba.

A 1988 gwamnatin Nijeriya ta tashi haiƙan, tare da cibiyar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka. Aka bi ƙauyuka ana ƙidaya, aka sami mutum fiye da 650,000 da cutar. Sa'an nan aka raba ƙyallen tace ruwa, aka zuba magani a tafkuna, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, masu gari kuma suka hana mai kurkunu shiga ruwa. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagayawa yana tunasar da gwamnoni. Mata su ne suka yi ta tacewa kullum, safe da yamma, kuma a ganina ba a yaba masu yadda ya kamata ba. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu.

Yanzu damuwarmu amai da gudawa, da kuma maganin feshi. Wanda ya zo Babbar Kasuwa a nan Katsina sayen magani, ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar. Kada ku wanke famfon feshi a bakin rijiya ko rafi, kada kuma ku zuba ruwan sha a galan ɗin da magani ya ƙare. In burtsatsen garinku ta lalace, kada ku koma kududdufi ku yi shiru. Ku gaya wa mai unguwa ya kai wa dagaci, a sanar da ƙaramar hukuma a rubuce. Kafin a gyara, a riƙa tafasa ruwa, musamman na yara.