Cutar yaushin salati: yadda ake gane ta da yadda ake kare garka

A garakan bakin kogi na Yamai, da fadamun Maradi, Damagaram da Tawa, salati na cikin abin da ke kawo wa manoman rani kuɗi da wuri. Shi ya sa ya kamata su san wata cuta da ke ta yaɗuwa a ƙasashen da ke noman wannan ganye.

Wata ƙwayar funfuna mai suna Fusarium ce ke haddasa ta. An fara ganin ta a Japan a 1955, ta ɓulla a Kaliforniya ta Amurka a 1990, sannan a Italiya a 2002. Daga baya wani sabon nau'inta ya bayyana a Holand, ya kai Ingila a 2017.

Yadda take kashe shuka

Ƙwayar na zaune ne a cikin ƙasa. Tana shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye. Sai salati ya tsumbure, ganyen ƙasa su yi ɗorawa, su yi yaushi ko da an shayar da fangalin safe da yamma. Ƙarin ruwa ba ya tashe shi.

Wuƙa ce ke raba gardama. A tuge shukar, a tsaga gindinta a tsaye har zuwa saiwa. In cikin ya yi ja-ja ko launin ƙasa maimakon fari, alamar wannan cuta ce. In kuwa saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, wannan aikin ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da manoma suka riga suka sani.

Zafi na ƙara mata ƙarfi. A jihar Arizona ta Amurka, an lura salatin da aka shuka a Satumba, ƙasa na da zafi, ya fi kamuwa bisa wanda aka shuka a Disamba. Wannan darasi ne ga masu dashe tun kafin ɗari ya sauka don su riski tsadar kasuwa.

Rigakafi kawai

Babu maganin feshi da ke warkar da shukar da ta kamu, kuma ƙwayar na iya shekaru a ƙasa. Tana tafiya ne cikin ƙasar da ke manne a takalmi, fartanya ko saiwar dashe, da kuma ruwan da ya ratsa fangali mai cutar. Dashen da aka sayo ko aka karɓo wurin maƙwabci na iya shigo da ita garka.

Don haka a tuge shukar da ta kamu a ƙone, kada a jefa ta cikin taki. A wanke kayan aiki kafin a koma wani fangali. A huta da salati a wurin na shekaru, a sa wani abu. A bazara kuma ana iya jiƙa ƙasar, a lulluɓe ta da farar leda tsawon mako huɗu zuwa shida, zafin rana ya rage ƙwayoyin.

Wanda ya ga alamun, ya kai shukar da saiwarta wurin ma'aikatan kare tsirrai na yankinsa ko cibiyar binciken noma ta INRAN, kafin ya kashe kuɗinsa a kan maganin kasuwa.