Shin Ko Kun San? Hotunan da Rana da Ruwa Ke Zanawa

Shin ko kun san ana yin hoto babu kyamara? A 1842 wani masani ɗan Ingila, John Herschel, ya haɗa sinadarai biyu masu ƙarfe ya shafa wa takarda. In aka ɗora ganye a kai aka shanya, sannan aka ɗauraye da ruwa zalla, duk inda rana ta taɓa sai ya koma shuɗi, siffar ganyen kuma ta fito fara tas. A 1843 Anna Atkins ta fara fitar da littafin tsirran teku da wannan dabara, kuma shi ake ɗauka littafi na farko da aka ƙawata da hotuna. Shuɗin ya yi kama da na marinar Ƙofar Mata, amma ba su haɗa dangi ba: na Kano daga baba yake, wannan daga ƙarfe.

Ko sinadarin ma ba dole ba ne. Kurkum, zoɓo da alayyahu, kayan da ba a rasa su a kasuwar Barnawa da ke Kaduna, duk suna yin hoto. A tace ruwansu, a shafa wa takarda, a ɗora ganye, a danne da gilashi, a bar rana ta koɗar da inda ba a rufe ba. Na kurkum kan fito cikin 'yan sa'o'i, na zoɓo sai an yi kwanaki ana jira. Aibinsa ɗaya: ranar da ta zana shi ita ke goge shi, don haka ba na ratayewa a falo ba ne.

Binh Danh, haifaffen Biyetnam mazaunin Amurka, a jikin ɗanyen ganye yake buga fuskokin mutanen da yaƙin ƙasarsa ya ci. Matthew Brandt kuwa hoton tafki yake ɗauka, ya wanke hoton, ya jiƙa shi cikin ruwan wannan tafkin har launukan su narke.

Mutanen Barnawa sun san wannan aiki na ruwa, sai dai su ba da son ransu ba. Kogin Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 550, daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya raba birnin Kaduna biyu, ya wuce ya faɗa Kogin Kwara. A daminar 2003 ya cika ya tumbatsa, ya shiga gidajen da ke bakinsa, har da na Barnawa. In ana lissafin asara, katifa da buhun hatsi ake faɗa. Hoton auren iyaye ba ya shiga lissafi, alhali shi ne ba a sayensa a kasuwa.

Shin ko kun san akwai wanda ya mai da wannan asara aikinsa? Gideon Mendel, ɗan Afirka ta Kudu, tun 2007 yake bin ambaliya ƙasa-ƙasa. Yakan tsayar da masu gida cikin ruwan da ya cinye ɗakinsu, wani har ƙirji, suna kallon kyamara ido da ido. A 2012 ya zo Najeriya ya yi aiki a Bayelsa. Yana kuma tsintar hotunan iyali daga cikin laka ya nuna su yadda ruwa ya bar su. A ganina nasa ya fi na Brandt nauyi, domin Brandt shi ya kai hotonsa ga ruwa, waɗannan kuwa ruwa ne ya iske su har gida.

In hotunanku sun jiƙe sun manne, kada ku jira su bushe ku ɓamɓare. Ku tsoma su cikin ruwa mai tsabta su saki juna, ku shanya ɗaya-ɗaya a inuwa, fuska tana kallon sama.