Gam ɗin da ba ka gani a kayan ɗakin amarya

A damunar bara na je Ƙauran Namoda duba ɗiyar yayata, wadda aka kai ɗaki 'yan watanni kafin nan. Ko ruwan da ta kawo mini ban gama sha ba ta ja ni ƙuryar ɗaki. "Kawu, diba abin da sif ɗina ya koma." Gindin sif ɗin ya kumbura kamar burodin da ya kwana a shayi, gefensa kuma yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Ba ambaliya aka yi ba. Ruwan goge ɗaki ne kawai, da danshin da siminti ke tasowa da shi a watan Agusta. Muna cikin jajantawa ta ƙara da cewa a makonnin farko na tarewarta idanunta sun yi ta yaji, kanta yana sarawa, har tsofaffin gidan suka ce mutanen ɓoye ne, aka yi ta turara mata hayaƙi a ɗakin da tagoginsa ke rufe.

Kumburin katakon da yajin idon tushensu ɗaya ne: gam ɗin da aka haɗa allon da shi.

Filawud, wanda kafintoci ke yi mana gado da sif da silin da kantar shago da shi, ba a tsago shi daga bishiya kamar katakon gargajiya. A masana'anta ana jiƙa gungumen icce da ruwan zafi ko tururi, a ɗora shi a kan injin da ke juya shi, wuƙa mai tsawo tana fere shi, yana warwaruwa kamar bandir ɗin yadi. Waɗannan siraran fallaye ake busarwa, a shafa musu gam, a jera: wannan a tsaye, na kansa a gicciye. Shi ya sa idan ka ƙirga layukan gefen allo za ka tarar 3 ne, ko 5, ko 7, don fuska da baya su kalli waje ɗaya, kada allon ya karkace. Daga nan sai a danne shi a matsi mai zafin da ya wuce na tafasar ruwa har gam ɗin ya daskare. Ƙarfin allon yana rataye ne a kan wannan gam. Ranar da ya saki, abin da ya rage a hannunka tarin fallaye ne da ko yaro zai karya.

Gam ɗin da ya fi yawa a kasuwa manoman Zurmi sun san rabin sinadarinsa, domin yuriya ce, irin wadda ake zuba wa masara da dawa. Ana haɗa ta da wani sinadari mai suna fomaldehaid, wanda idan aka narka shi a ruwa ake kira fomalin, shi ne abin da ake adana gawa da shi a asibiti. Gam ɗin yuriya yana da araha, yana kamawa da wuri, ba shi da launi, amma ba ya shiri da ruwa. Danshi da zafi suna warware shi a hankali. Don cikin ɗaki busasshe aka yi shi. Na biyun shi ne wanda ake yi da finol, mai launin ja-ja da ya doshi baƙi. Wannan ko an tafasa shi ba ya saki, shi ake sa wa allon da 'yan kasuwa ke kira marin, na jirgin ruwa da na zuba kankare. Akwai na tsaka-tsaki da ake ƙara wa melamin. Masana'anta kan zuba garin alkama a gam don ya yi kauri ya shafu da kyau, wannan ba laifi ba ne. Laifin yana wajen mai son riba da zai cika gari ya rage gam, allon ya fito sumul, ya kai wata shida ya fara buɗe baki.

Da can muna da namu filawud ɗin. Kamfanin African Timber and Plywood na UAC ya kafa babbar masana'antar filawud a Safele tun ƙarshen shekarun 1940, har ƙasashen waje ake kai kayansa. Yau mafi yawan abin da muke gani daga Sin yake zuwa, inda birnin Linyi a lardin Shandong ya yi suna da wannan sana'a. Suna yin mai kyau ƙwarai, suna yin na banza, ya danganta da abin da ɗan kasuwarmu ya biya. Kafin allo ya baro Legas, ya ratsa Kano ko Gusau, ya iso Ƙaura, a sake loda shi zuwa kasuwar Alhamis ta Shinkafi a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, kuɗin mota ya ci rabonsa. Mai shago yana neman wanda zai fita da wuri, mai saye yana neman sauƙi, babu mai tambayar wane gam ne a ciki.

Sannan ga wanda ake yi wa kallon kitse alhali rogo ne. Allon da ake kira MDF, da ɗan'uwansa na ɓarɓashi, ba fallaye ba ne ma. Niƙaƙƙen icce ne aka kwaɓa da gam ɗin yuriya, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, aka matse, aka lulluɓe da takarda mai sheƙi mai zanen katako. Shi ya fi ɗaukar ido a ɗakin amarya, shi ya fi tsoron ruwa, shi kuma ya fi fitar da iskar da zan yi magana a kanta. Sif ɗin 'yar tawa ƙofofinsa filawud ne mai araha, gindinsa kuwa MDF.

Wannan warin da muke kira ƙamshin sabon kaya, wanda ke shiga ido idan ka buɗe sabuwar durowa, akasarinsa fomaldehaid ne ke fita daga gam, tare da sinadaran fenti. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa hawaye, ƙaiƙayin maƙogwaro, tari da ciwon kai, ya kuma tayar wa mai asma da ciwonsa. A shekarar 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, musamman ta bayan hanci. Kada hankalin kowa ya tashi: ba wai duk mai gadon filawud zai kamu ba ne. An fi ganin haɗarin a wajen ma'aikatan da ke shaƙarsa da yawa shekara da shekaru. Amma ba abin rainawa ba ne. Bayan guguwar Katirina ta 2005, gwamnatin Amurka ta tsugunar da dubban iyalai a ƙananan gidajen tirela da aka yi cikinsu da irin waɗannan alluna. Mutane suka yi ta kukan numfashi da ciwon kai, aka auna iskar aka tarar da fomaldehaid mai yawa, aka ba da shawarar a kwashe su. A 2010 ƙasar ta yi doka ta ƙayyade yawan da allo zai iya fitarwa. A Turai ma akwai ma'auni, shi ne alamar E1 da ake bugawa a jikin wasu alluna.

Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo shi Shinkafi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rufin kwano, taga ɗaya ƙarama da labule biyu. Zafi da danshi suna ƙara saurin fitar iskar. Mu kuwa al'adarmu a cika ɗaki maƙil: gado, sif, madubi, kabad ɗin kwanuka, duk an gama su a mako guda, an jere yau, an kawo amarya gobe, an ce ta zauna a ciki kwana bakwai. Turaren wuta ba ya kashe wannan iska, ɓoye warinta kawai yake yi, ya ƙara hayaƙi a kai. Idan rabo ya zo da wuri, a nan ne jariri zai yi watanninsa na farko.

Maganin ba tsada ke gare shi ba. A ba kafinta aiki da wuri, a karɓi kaya aƙalla makonni biyu ko uku kafin jere, a ajiye su a rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa, ƙofofi da durowoyi a buɗe. Fitar iskar ta fi ƙarfi a farko, tana raguwa da watanni. A sa kafinta ya shafe duk gefen da zarto ya bi da fenti ko banish, har baya da ƙasan da ba a gani, don ta nan iskar ke fita, ta nan kuma ruwa ke shiga. A yi wa sif ƙafafu na katako tsantsa ko na roba ya tashi daga siminti. Duk abin da zai zauna kusa da randa, banɗaki ko ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, a yi shi da marin.

Yaya za ka gane marin na gaske? Wani dattijon kafinta a Ƙaura ya karkato mini gefen allo ya ce, "Malam, in ba ka ga baƙin layi tsakani ba, wanga ba na ruwa ba na." Gaskiya ya faɗa, sai dai akwai masu rina gam ɗin yuriya ya yi duhu. Abin da ba ya ruɗi shi ne tukunya. Ka roƙi ɗan guntu kamar tafin hannu, ka jefa a tsohuwar gwangwani, ka tafasa awa ɗaya ko biyu a waje. Na yuriya zai fara rabuwa, na finol zai fito a haɗe. Shugaban makarantar da zai ba da aikin bencina hamsin, wannan gwajin bai kamata ya wuce shi ba.

Su kansu kafintocin ne suka fi kowa shaƙa. Farin gam irin su Top Bond ba shi da wata illa sosai, matsalarsa ita ce a tsinka shi da ruwa don ya auku, a buga ƙusa a kai ba tare da an matse ya bushe ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne gam mai ruwan ɗorawa da ake manna fomaika da shi, irin su Evo-Stik. Yana kama wuta nan take, wasu kuma har da fetur suke tsinka shi a shagon da ake kunna janareta. Sinadaran da ke tashi daga cikinsa dangin na sholisho ne, kuma mun ga abin da sholisho ya yi wa ƙwaƙwalwar samarinmu. Maigidan da ke barin yaron shago ɗan shekara 12 yana shafa shi da yatsa a cikin ɗaki rufe ya sani amana ce aka ba shi. A yi aikin a waje, a rufe gwangwani, a kuma sa takunkumi lokacin yanka da goge allo, domin ƙurar katako ita ma tana cikin wancan sahu na masu jawo sankara tun 1995.

Akwai kuma guntayen da ake sharewa daga shago. Icce ya yi tsada, shiga daji kuma ya zama sai da addu'a, don haka mata kan aiki yara su kwaso su don hura wuta. Guntun katako tsantsa ba komai. Amma na filawud da MDF da mai fomaika, idan suna ci, gam da fentin ne ke ƙonewa, hayaƙin yana shiga ƙirjin mai tuƙa tuwo da yaron da ke goye a bayanta, ya kuma sauka a kan tsire ko masarar da aka gasa a kai. Na ce wa 'yar tawa idan kafinta ya zo canza gindin sif ɗin, ta tabbatar ya tafi da ruɓaɓɓen, kada ta bari ya kai murhu.