Ƙiriniya Ce Ko Larura? Yadda Iyalai Ke Karɓar Labarin ADHD

A kusan kowace unguwa akwai yaron da aka yi wa laƙabi da "mara ji". Ba ya zama wuri ɗaya, a aike shi ya manta saƙo, a aji kuma kullum shi ne mai shan bulala. Wasu daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin larurar, da yadda iyalai ke fassara ta idan likita ya tabbatar da ita.

Larurar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya bayyana yara masu irin wannan hali, sai dai sunan ADHD a 1987 ya shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Ana ƙiyasta cewa tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Likita ba ya yanke hukunci a kan ƙiriniyar kwana biyu. Sai alamomin sun kai wata 6, sun faro kafin shekara 12, an gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna kawo cikas ga rayuwar yaron.

Na lura iyalai sukan rabu gida uku idan suka ji sakamako. Na farko su ne masu samun sauƙi a rai, musamman uwa, wadda aka daɗe ana zargi da sangarta ɗanta. Na biyu masu musu ne. Uba ko kaka kan ce, "Mu ma mun yi ƙiriniya, bulala ce ta gyara mu." Na uku su ne masu danganta abin da aljanu ko sammu, sai su ɓoye maganar. Tsoronsu shi ne a ce an ga ɗansu a asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Yaba ko Aro ko Kware, a yi ta cewa akwai hauka a gidan, har abin ya taɓa auren 'yan'uwansa mata.

A ganina, wannan tsoro ne ya fi cutar da yaro. ADHD ba hauka ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba ne. Yaro kan san abin da ya kamata, amma riƙe hankalinsa a kai ne ke ba shi wahala. Duka ba ya gyara wannan, sai dai ya sa ya tsani makaranta, ya ɗauki kansa a matsayin wanda ba zai yi albarka ba. 'Yan mata kuwa sau da yawa ba a ma gano tasu, domin ba su cika tsalle-tsalle ba, sai yawan tafiyar tunani, a ce sakarci ne.

To, mene ne abin yi? Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai magani kamar Ritalin, amma sai da izinin likita. A gida, a riƙa ba yaro umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a tsara masa lokacin barci da na karatu, a yaba masa idan ya yi daidai. Malami kuma ya zaunar da shi a layin gaba, ya rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan.

Da yawa daga cikinmu aji za mu shiga bayan kammala digiri. Idan muka tarar da yaron da ya kasa zama, mu nemi iyayensa mu tattauna kafin mu ɗauki bulala.